Kunun zaƙin da ya ƙi tsinkewa: nazarin wata matsala a Mabera, Sakkwato

Matar da wannan lamari ya shafa ta daɗe tana sana'ar kunun zaƙi a shiyyar Mabera, cikin garin Sakkwato. Ba ta da shago. A gida take damawa, a ɗura a gorunan roba, a jera cikin kula da ƙanƙara, yara su kai bakin titi. An san kununta da zaƙin da ba ya hawa kai, da kauri daidai wa daida. Sukarin da take sawa kaɗan ne, domin tsiron shinkafa da busasshen kudaku, wato dankalin Hausa, su ke yi mata mafi yawan aikin.

Ga yadda ta saba yi. Ta jiƙa gero ya kwana, ta wanke, a kai inji a markaɗa da citta da kanumfari da ɗan masoro. Tsiron da kudakun dabam ake markaɗa su. Sai ta raba ƙullun biyu, kaso babba da ƙarami. Babban ta sheƙa masa tafasasshen ruwa a cikin faffaɗan baho na silba, ta tuƙa har ya yi kauri kamar za a yi koko. Ta bar shi ta shiga wasu hidimomi. Bayan isha'i ta dawo ta zuba ɗanyen ƙullun da markaɗen tsiro da kudaku, ta juya, ta rufe. Da asuba ta tarar ya tsinke, ya yi zaƙi, da ɗan tsami-tsami a bayan harshe. Ta tace, ta ɗan ƙara sukari, shi ke nan.

A wani azumi da ya faɗo cikin bazara, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40, wani mai raba abin buɗa-baki a masallaci ya ba ta kwangilar kullum. Awonta ya tashi daga tiya biyu zuwa wajen takwas. Baho bai ɗauka ba, sai ta sayi babban durom na roba mai murfi. Don kada kunu ya kwana cikin zafi ya yi tsami fiye da kima, ta mayar da damun bayan sahur. Kuma da yake dole a tace kafin azahar a samu ya sha ƙanƙara, ɗiyarta da ke taya ta sai ta riƙa zuba tsiron ana gama tuƙi.

Daga nan kunu ya sake hali. Wata rana ya tsaya kirtif, sai an sha wahala kafin ya bi ta abin tata. Wata rana ya ɗan saki, amma salam, ba zaƙi. Mai azumi kuwa ba ta son kai abu baki, don haka ba ta sanin abin da ta dama sai an sha ruwa. Maganin da ta fara yi shi ne wanda kowa zai yi: ta ƙara ruwa don ya saki, ta ƙara sukari don ya yi zaƙi. Kunu ya koma ruwan sukari mai ƙamshin citta, riba ta tafi a buhun sukari, masu saye suka fara ƙorafi. Ta ninka tsiro, abin bai gyaru ba, sai dusa da ta ƙaru. Ta sauya mai sayar mata da tsiron a Tsohuwar Kasuwa. Duk ɗaya.

Ni maƙwabciyarta ce, ina koyar da kimiyyar halittu a sakandare. Da na shiga gaishe ta, ga abin da ta ce: "Malama, tsiron bana ba shi da albarka. Yadda nika yi tun ina budurwa haka nika yi yanzu, ban sake komi ba." Na ce, "Inna, kin sake mazubi, kin sake lokaci. Bari mu gwada tsiron nan kafin mu ɗora masa laifi."

Gwajin kofuna

Kayan gwajin ba su da yawa: ma'aunin zafi na girki, ƙaramar kwalbar aidin daga kemis, farin faranti da kofuna biyar. Muka dama gasara zalla, muka jiƙa garin tsiro da kudaku a ruwan randa, muka bari ya kwanta, muka tsiyaye ruwan sama. Kowane kofi ya samu damammiyar gasara daidai da ɗan'uwansa.

Kofi na farko aka zuba masa ruwan tsiro nan take, yana tururi. Na biyu aka jira har zafinsa ya sauko kusa da digiri 60. Na uku aka dasa shi cikin ƙanƙara ya yi sanyi ƙalau kafin a zuba. Na huɗu ruwan randa kawai aka sa masa. Na biyar an jira shi kamar na biyu, amma ruwan tsiron da aka zuba masa an riga an tafasa shi an huce.

Kofi na biyu shi ya ba Inna mamaki. Cokali yana tsaye a ciki, tana juyawa, kafin 'yan mintoci kaurin ya karye a hannunta, abin da yake manne wa cokali ya koma yana zuba. Na farko ya ɗan saki a farkon juyi, sai ya tsaya nan. Na uku, na huɗu da na biyar ba su motsa ba. Da aka jima muka ɗiga kowanne a faranti, muka bi da ɗigon aidin. Aidin idan ya haɗu da sitaci yakan koma shuɗi mai duhu, kusan baƙi. Huɗu suka yi shuɗi. Na biyu ya ba da ja-ja mai ruwan ƙasa, alamar cewa dogayen sarƙoƙin sitaci sun gutsuttsure. (Abin da aka ɗiga wa aidin zubarwa ake yi, ba a sha.)

Sai muka yi abu biyu kuma. Muka ɗauki kofin ƙanƙara muka tsoma shi cikin ruwan ɗumi: ya tsinke. Muka ɗebi cokali biyu daga kofi na biyu muka zuba a sabuwar gasara mai ɗumi: ita ma ta saki, ko da yake ta fi jinkiri. Kofi na farko da na biyar kuwa duk jiran da aka yi musu ba su sake ba.

Daga ƙarshe muka tsoma ma'auni a cikin durom daidai lokacin da ɗiyar ta saba zuba tsiro. Tsakiyarsa ta haura digiri 85. Tsiron lafiyarsa lau. Dafa shi ake yi.

Abin da ke aiki a cikin tsiro

Sitacin gero sarƙa ce mai tsawo ta ƙwayoyin sukarin gulukos, dubbai a ɗaure da juna, wasu a miƙe, wasu da rassa. Harshe ba ya jin zaƙin doguwar sarƙa. Idan aka zuba tafasasshen ruwa, ƙwayoyin sitacin suna kumbura su fashe, sarƙoƙin su bazu su riƙe ruwa, kaurin koko ke nan. Sitacin dawa yakan yi wannan kumburi tsakanin digiri 68 da 78, na gero ma bai yi nisa da haka ba.

Ruwa da kansa yana iya tsinka mahaɗin sarƙar nan, amma jinkirinsa ya wuce misali: in ba ƙwayar cuta ba wani abu, sai a ƙare rayuwa ana jira. Dalili kuwa, kowane sauyi na sinadarai yana bukatar wani kuzari na tayarwa kafin ya kankama, kuma na wannan mahaɗi yana da yawa. Hanya ɗaya ta biyan wannan kuzari ita ce ƙarfi da yaji. A 1811 Kirchhoff, wani masanin sinadarai a Rasha, ya dafa sitaci da ruwan asid na tsawon sa'o'i ya samu sukari. Ɗaya hanyar ita ce a rage yawan kuzarin da ake bukata, kuma aikin enzayim ke nan. Enzayim furotin ne da abu mai rai yake ƙerawa don ya gaggauta wani sauyi, ba tare da shi kansa ya ƙare a ciki ba. Ba ya ƙirƙiro sauyin da ba zai yiwu ba. Wanda zai yiwu a shekaru yake mayarwa na daƙiƙa.

Ƙwayar hatsi idan ta sha ruwa ta fara tsira, ɗan tsiron yana bukatar abinci tun bai yi ganye ba. Sai ƙwayar ta shiga ƙera enzayim mai suna amilas don ta narkar da sitacin da ta adana. Mai kunu tana katse wannan aiki ne a kwana na uku ko na huɗu, ta shanya, ta ari ma'aikatan ta kai su kan nata sitacin. A 1833 wasu Faransawa biyu, Payen da Persoz, suka ware wannan sinadari daga tsiron sha'ir suka kira shi dayastas, kuma shi ne enzayim na farko da aka fara warewa. A 1835 Berzelius na ƙasar Suwidin ya ba irin wannan aiki sunan katalisis. Sai 1926 James Sumner a Amurka ya nuna cewa enzayim furotin ne, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1946.

Furotin ɗin nan a naɗe yake cikin wata siffa ta musamman, kuma a jikinsa akwai wani lungu inda sarƙar sitaci take shiga ta zauna. Emil Fischer a 1894 ya kwatanta abin da kwaɗo da mabuɗinsa. A 1958 Daniel Koshland ya gyara kwatancin: lungun ba sandararre ba ne, yana ɗan lanƙwasawa ya rungumi abin da ya shigo. Da sarƙar ta zauna, enzayim ya ɗan murɗe mahaɗin, ya kawo ƙwayar ruwa daidai wurin, mahaɗi ya tsinke, gutsattsarin su fita, lungu ya koma fanko yana jiran na gaba. Shi ya sa cokali biyu daga kofin da ya riga ya tsinke suka iya tsinka sabuwar gasara. Shi ya sa kuma ɗan tsiro yake isar tulin ƙullu. Saurin wasu enzayim ɗin ma ya fi ƙarfin lissafin kai: katalas, wanda ke sa ruwan wanke ciwo na haidurojin yin kumfa a kan rauni, ƙwayarsa ɗaya tana sarrafa miliyoyi a daƙiƙa guda. Amma kowa da aikinsa. Amilas ba ya taɓa furotin ɗin gero, ba ya narkar da dusa, duk da ita ma dusar akwai gulukos a ɗaure cikinta, domin ɗaurin nata dabam ne, ba ya shiga lungun.

A kunun zaƙi amilas iri biyu ne suke aiki tare, kuma a nan ne na ga hikimar tsofaffin da suka haɗa tsiro da kudaku. Alfa-amilas, wanda ya yawaita a tsiro, yana saran sarƙa ta tsakiya, ko'ina ya samu. Sara kaɗan ya isa ya karya kauri, shi ne mai tsinka kunu. Beta-amilas kuwa daga bakin sarƙa yake ci, yana ɓalle gulukos bibbiyu, wato sukarin maltos, shi ne mai kawo zaƙi. Kudaku yana cikin amfanin gona mafi yawan beta-amilas, kuma shi ya sa wanda aka gasa a hankali cikin toka ya fi ɗanye zaƙi nesa ba kusa ba. Duk saran da alfa ya yi, ya buɗe wa beta sabon bakin ci. Tsiron dawa, alal misali, yana da alfa amma betansa kaɗan ne, matsalar da kamfanonin lemon malt na Nijeriya suka yi ta fama da ita bayan hana shigo da sha'ir a 1988.

Saura zancen zafi, inda Inna ta faɗa. Ɗumi yana ƙara wa enzayim sauri. Bisa ƙiyasi, ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka aikin. Amma siffar furotin raunanan ɗauri ne suke riƙe da ita. Idan zafi ya wuce iyaka sai naɗin ya warware, lungun ya rushe, kuma hucewa ba ta mayar da shi. Beta-amilas ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 60 da 65, ya haura 70 ya fara lalacewa da sauri. Alfa ya fi shi juriya, yana kaiwa 70 da 'yan kai, amma kusa da 80 shi ma ya tafi. Wannan ya fassara ranakun da kunun yake saki ba zaƙi: alfa ya samu ya yi 'yan sare-sare kafin zafi ya gama da shi, beta kuwa tun a zubin farko ya mutu. Sanyi ba haka yake ba. Yana tsayar da aiki ne kawai, siffar tana nan, shi ya sa kofin ƙanƙara ya farfaɗo da ya ji ɗumi.

Abin lura a nan shi ne, zafin da sitaci yake bukata ya dahu ya fi wanda enzayim yake iya jurewa. Ɗanyen sitaci kuma amilas da ƙyar yake cin sa. Don haka dole a dafa tukuna, a jira, sannan a zuba. Jiran nan da Inna take yi tsakanin magariba da isha'i, wanda ita a ganinta hidimar gida ce kawai take raba ta da baho, yana cikin girkin. Faffaɗan baho na silba yana zubar da zafi ta ko'ina. Durom na roba mai zurfi da murfi kuwa riƙe shi yake yi, kuma tulin abu ya fi kaɗan jinkirin hucewa. Ninka tsiro bai yi amfani ba saboda ninka abin dafawa kawai aka yi.

Gyaran da aka yi

Aka daina dama kunu a durom. Aka raba shi a bahuna uku na silba, ana tuƙawa a buɗe har tururi ya ragu. Tsiro da kudaku a jiƙa su a ruwan randa tare da ɗanyen ƙullu, domin zuba su ma yana sauko da zafi. Abin da ake nema shi ne bayan an haɗa, ma'auni ya tsaya tsakanin 60 da 65. Daga nan ne durom ya yi rana: a juye a ciki a rufe, ya riƙe ɗumin nan awa ɗaya zuwa biyu, lokacin da amilas suke kan ganiyar aiki. Tsiron ya koma awonsa na da, gwargwadon geron. Kunu ya dawo yana bin abin tata ba gardama, sukarin da ake ƙarawa ya ragu sosai.

Bai dawo daidai da na kwana ba, kuma ba zan ce ya dawo ba. Ɗan tsamin nan na kunun kwana ba aikin tsiro ba ne. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani, dangin waɗanda ke mayar da madara nono, su ke cin wani kaso na sukarin su fitar da asid, da nasu enzayim ɗin. Suna zuwa ne tare da ɗanyen ƙullu, suna kuma bukatar sa'o'i bayan kunun ya huce. Damun asuba da tatar azahar bai ba su isasshen lokaci ba. Wasu masu saye sun fi son sabon, wasu suna cewa da sauran magana. Inna ta so ta zuba ruwan tsamiya tun farko don ta cike giɓin, na hana ta, domin tsami mai yawa yana kashe alfa-amilas kamar yadda zafi yake yi. Haka amilas na yawun bakinmu yake daina aiki idan ya isa cikin asid na tumbi. In za a sa tsamiya, sai bayan an tace.

Akwai abu biyu da na ja mata kunne a kai. Na farko, masu ciwon sukari da ke cewa a ba su "wanda ba a sa wa sukari ba". Maltos bai kai rabin zaƙin sukarin rake a harshe ba, amma a hanji gulukos yake komawa nan da nan. Kunun da ya tsinke da tsiro yana ɗauke da sukari ko ba a buɗe buhu ba. Na biyu, in shinkafa ta yi tsada ta koma tsiron dawa, to ta murje saiwoyi da 'yan kan tsiron bayan an shanya, ta sheƙe su. A cikinsu akwai wani sinadari mai suna dhurrin, wanda wani enzayim na dawar yake mayarwa gubar sayanaid idan an tauna ko an niƙa. Makiyaya sun daɗe da sanin gyauron dawa yana kashe dabba. Dalilin ke nan.

Ɗiyar Inna tana da yaro da ake shirin yayewa, kuma ita ta fara hango inda gwajin kofuna ya fi amfani. Kunun yara idan ya yi kauri yaro ba ya iya haɗiya, sai uwa ta yi ta ƙara ruwa. Cikin yaro ƙarami ne, ya cika da ruwa, abincin da ya shiga kaɗan. A jihar da asibitoci suke cika da yara masu tamowa duk damina, wannan ba ƙaramin zance ba ne. Tun shekarun 1980 masu binciken abinci a Tanzaniya da Indiya suke koya wa iyaye su dama kunu da kauri, sannan su barbaɗa ɗan garin tsiro yana da ɗumi. Ya tsinke ya shawu, alhali garin da ke cikin kofi ya ninka na kunun da aka tsarma da ruwa. Iyaye mata ma sun san rabin zancen: kunun da aka mayar wa cokalin da yaro ya lasa, in an ajiye shi tsinkewa yake yi, aikin amilas na yawu. Sharaɗi ɗaya ne ga na yara. Garin tsiro ɗanye ne, an shanya shi a fili, don haka bayan kunun ya tsinke sai a mayar da shi wuta ya tafasa, a huce, sannan a ba yaro. A lokacin enzayim ya gama abin da ake nema daga gare shi, tafasar kuma ba ta dawo da kaurin.

Ma'aunin zafin yana hannun ɗiyar. Inna ta ce ita bayan hannunta a jikin baho ya ishe ta, kuma in aka gwada su biyun galibi ba ta yin nisa da 60. Inda za a sake lissafi shi ne lokacin hunturu, da bahon silba zai huce kafin a waiwaya: a sanyin Janairu sai a rage jira, a gaggauta juyewa cikin durom, a lulluɓe shi da buhu.